Talabijin Ɗin Baba Aminu da Ke Lalacewa Duk Lahadi

Akwai wani tela mai suna Idrissa, mutumin Maraɗi, da ya shekara ashirin da biyu a Harlem cikin birnin New York. Shagonsa yana kan titin 116, tsakanin wani mai turare da wata 'yar Senegal mai sayar da abinci. In kana son babbar riga mai aiki irin na gida, wurinsa ake nuna maka.

Sai dai ba ɗinki kaɗai ke kai mutane shagon ba. Idrissa ya kafa talabijin a bango, ranar da ake ƙwallo kuwa wurin majalisa yake komawa. Shi ne alƙalin wasa, shi ne koci, shi ne mai sharhi. Ka kawo magana ya kwance ta, ka kawo hujja ya ce ai kai jiya-jiya ka fara kallon ƙwallo.

A benen da yake haya, ƙofarsa tana kallon ƙofar wani tsoho ɗan ƙasar Ailan mai suna Eamon. Habsatou, matar Idrissa, ta kasa furta sunan, sai ta mai da shi Baba Aminu, sunan kuma ya bi shi. Matar tsohon ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya tilo tana aure a wata jiha. In Habsatou ta yi dambu, takan zuba masa a ƙaramin kwano.

Wata rana Baba Aminu ya kawo wando shago a rage masa tsawo, ya tarar ana musun ƙwallo. Da murnarsa ya ciro waya ya nuna musu irin ƙwallon ƙasarsu, wadda ake kira Gelik. Mutum goma sha biyar-biyar ne, suna ɗaukar ƙwallo da hannu, su ruga da ita, su buga da ƙafa, su nausa da dunƙule.

Idrissa ya kalla na minti ɗaya ya miƙa masa wayarsa. Ya juya wurin 'yan majalisa ya ce da Hausa wannan ba ƙwallo ba ce, dambe ne da gudu, kuma alƙalin wasan ko makaho ne ko ya tafi shan shayi. Abdul-Samed, wani direban tasi ɗan Zangon Kumasi da ke zaune a hawa na biyu na benensu, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Tsohon bai jin Hausa, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Ya mai da wayarsa aljihu, ya yi godiya, ya fita.

Bayan wata biyu Habsatou ta rasu. Ciwon kwana huɗu ne kawai.

Gida ya cika da masu ta'aziyya, 'yan Nijar, 'yan Najeriya, 'yan Gana. Baba Aminu ma ya zo. Ya ga takalma a bakin ƙofa ya cire nasa, ya samu lungu ya zauna. Kwana uku yana zuwa yana zama a lungun nan.

Aka yi addu'ar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Daga nan kowa ya kama gabansa. Ba laifinsu ba ne, New York ba ta jiran kowa.

Idrissa bai yi kuka ba. Bai yi a asibiti ba, bai yi a maƙabarta ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinsa, alhali ba abin da yake ji ne kwata-kwata. Abinci ba ɗanɗano, barci da farkawa duk ɗaya. Yakan yi salla ya koma kujera, ya zauna gaban talabijin a kashe har a kira wata sallar. Silifas ɗin Habsatou suna nan bakin ƙofa inda ta cire su.

Shago ya kai wata uku a rufe. Abdul-Samed ya hau sama sau da yawa yana ba shi haƙuri ta bayan ƙofa, Idrissa ya ce ya gode, bai cire sarƙar ƙofa ba. 'Yarsa Nafissa, ma'aikaciyar jinya a Ohayo, ta kira ta ce in bai fito ba zuwa ƙarshen bazara za ta zo ta rufe shagon gaba ɗaya ta tafi da shi. Ya ce to. Wannan "to" ɗin ya fi ba ta tsoro, don ubanta bai taɓa yarda da magana ba tare da musu ba. Ta fara jin kamar bin uwarta yake shirin yi.

Wata Lahadi da ƙarfe tara na safe aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Aminu ne, sanye da tsohuwar rigar ƙwallo kore da ja, riƙe da rimot. Bai yi masa ta'aziyya ba, bai tambaye shi ya haƙuri ba.

Ya ce, "Idrissa, talabijin ɗina ya ƙi. 'Yan garinmu za su buga, saura minti ashirin. Ba ni da kowa sai kai."

Idrissa ya so ya ce a'a, amma a'a tana buƙatar bayani, shi kuwa ba shi da ƙarfin bayani. Ya sa takalmi ya tsallaka.

Ta intanet ake kamo wasan daga Ailan, da yake rana ce a can, safiya a nan. Idrissa ya leƙa bayan talabijin ya ga waya ɗaya ce ta zare. Ya mayar, hoto ya fito. Zai juya, tsohon ya ce idanunsa sun yi rauni, ba ya ganin ƙananan lambobin da ke kusurwa, ya taimaka ya zauna ya riƙa karanta masa ci. Kafin ya ba da amsa an aje masa shayi da burodi mai man shanu.

Ya zauna. Ya riƙa karanta lambobin kamar mai karanta lambar waya, bai damu da ma'anarsu ba. Da aka tashi ya koma ɗakinsa. Sai da ya zauna ya lura ashe ya cinye burodin.

Lahadi ta gaba aka sake ƙwanƙwasawa, wai hoto ya zo ba murya. Ta gaba kuma wai intanet ta ɓace. Ta bayanta batirin rimot ne aka sa a juye. Idrissa ya riƙa gyarawa yana cewa a ransa tsufa dai ba ta yi ba.

Tsohon kuwa ba ya shiru in ana wasa. Yana faɗa da alƙali, yana faɗa da koci, a hutun rabin lokaci ya kira ƙanensa a Ailan su yi ta musu a kan wa ya kamata a cire. Idrissa yana zaune gefe kamar an dasa shi.

Lahadi ta shida wasan kifa ɗaya ƙwala ne, wanda aka ci ya tafi gida. Da aka busa tashi, 'yan kore da ja suka zube ƙasa suna kuka. Baba Aminu ya rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunsa na rawa.

A karon farko Idrissa ya dubi lambobin da niyyar ganewa. Gaban sunan garin tsohon an rubuta 1-12. Gaban abokan karawa an rubuta 0-14. Sha biyu da sha huɗu, ai ko yaro ya san wanda aka ci.

Wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ya tausaya wa tsohon nan da ke zaune shi kaɗai a ƙasar mutane, abin da ya rage masa ke nan, shi ma an ƙwace. Ya dafa kafaɗarsa, ya faɗa masa maganar da aka faɗa masa shi sau ɗari biyu.

"Ka yi haƙuri, Baba. Haka Allah ya so."

Tsohon ya ɗago. Ashe dariya yake yi, hawaye na zuba. Ya ce ai su suka ci. Ya nuna masa cewa lambar farko ƙwallon da ta shiga raga ce, kuma maki uku take. Ta biyun kuwa wadda ta wuce saman sanda ce, maki ɗaya-ɗaya. Uku da sha biyu, sha biyar. Sun ci da maki ɗaya.

Idrissa ya yi lissafi da yatsu. Sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, rabi Turanci rabi Hausar Maraɗi.

"Wane irin lissahi ne wanga? Guda ta zama ukku? Kuma mutum ya harba ƙwallo sama, ta wuce raga, maimakon a zage shi sai a ba shi maki?"

Tsohon ya ce ai nan gwanintar take. Idrissa ya ce ba gwaninta ba ce, lada ce ake ba wanda ya ɓarar. Suka kaure da musu, wannan na nuna allo, wancan na buga hannun kujera. Can Idrissa ya tuna yadda ya dafa mutum yana yi masa ta'aziyyar wasan da ya ci, sai dariya ta kama shi.

Bai san inda dariyar ta juye ba. Ya dai tsinci kansa yana kuka, kukan da bai yi a asibiti ba, yana kiran sunan Habsatou.

Baba Aminu bai ce ya yi haƙuri ba. Ya ƙara muryar talabijin don kada maƙwabta su ji, ya shiga kicin ya daɗe wurin dafa wani shayin. Da ya dawo abu ɗaya ya ce.

"Tawa matar shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwa. Ba ya wucewa, amma yana barin mutum ya ci abinci."

Ran Litinin Idrissa ya buɗe shago. Ya share ƙura, ya zuba wa keken ɗinki mai. Da yamma ya kira Nafissa ya ce ba inda za shi, kuma ya ƙi yarda da duk abin da ta kawo. Ta aje waya tana hamdala.

Ba a daɗe ba majalisa ta ga sabon abu. Idrissa, wanda ya ce dambe ne da gudu, shi ne ke bayanin cewa ba a wuce taku huɗu da ƙwallo a hannu sai an buga ta ƙasa ko a ƙafa. Abdul-Samed ya ce to, Baba Aminu ya yi sabon ɗalibi. Idrissa ya ce masa ai rashin sani ya fi dare duhu, kamar ba shi ya fara dariyar ba.

Da sanyi ya shigo, Baba Aminu ya kwanta barci bai tashi ba.

'Yarsa Orla ta zo. Idrissa ya shiga ɗakin, ya samu lungu ya zauna kwana uku, kamar yadda aka yi masa. Bayan an binne shi ya tsaya taya ta haɗa kaya. A ƙarƙashin gado ya jawo wani akwatin ƙarfe cike da filaya, sukudireba da wayoyi a naɗe tsaf. A samansu akwai takardar yabo ta wani kamfani.

Ya tambaye ta na wane ne. Ta ce na babanta ne mana, ai shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa wa mutane talabijin da intanet gida-gida. Idrissa ya ce to amma da idonsa ya yi rauni fa? Ta ce wane ido? Mutumin da har ya mutu yana karanta jarida ba tabarau.

Sai ta dube shi da kyau, ta gane ko wane ne.

Ta ce, "Kai ne telan. Duk Asabar sai ya kira ni yana cewa dabaru sun ƙare masa, bai san abin da zai lalata gobe ba. Ya ce mutumin nan ba zai karɓi taimako ba, amma in an nemi nasa ba zai iya hanawa ba."

Idrissa ya rufe akwatin. Ya tuna wayar da ta zare, da batirin da aka juya, da ranar da ya sa aka yi wa tsohon dariya a shago. Kunya ta kama shi, ga kuma wanda zai ba haƙuri ya riga ya tafi. Orla ta ba shi rigar nan kore da ja, ya karɓa da hannu biyu.

Shekara ta zagayo, aka fara sabon zagayen wasa. A tsakanin nan mahaifiyar Abdul-Samed ta rasu a Kumasi, hali bai ba shi damar zuwa jana'iza ba. Aka yi masa zaman makoki, arba'in ta wuce, kowa ya kama gabansa. Motarsa ta yi mako uku a gefen titi ba ta motsa ba. In an buga masa waya sai ya ce lafiya lau.

Ran Lahadi da ƙarfe tara saura, Idrissa ya ɗora ruwan shayi, ya yanka burodi na mutum biyu. Ya sa hannu bayan talabijin ɗinsa ya zare waya ɗaya. Ya ɗauki rimot ya sauka hawa na biyu ya ƙwanƙwasa.

An daɗe kafin ƙofa ta buɗe, sarƙa na maƙale.

"Abdul-Samed, talabijin ɗina ya ƙiya. Saura minti ashirin a fara wasa, kuma ba ni da kowa sai kai."

Abdul-Samed ya dubi rimot ɗin, ya dubi Idrissa. Ya rufe ƙofar. Sai aka ji ƙarar cire sarƙa.

Darasi: Ta'aziyya ba ta ƙarewa ranar arba'in, a ranar ma mai rashi ya fi buƙatarka. Wani ba ya iya karɓar tausayi, amma in ka nuna kana buƙatarsa zai tashi. Kuma kada ka rena mutum don abin da yake so bai yi kama da naka ba, wataƙila ta nan Allah zai kawo maka sauƙi. Zumunci a ƙafa yake. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, sannan kowa ya tuna wanda ya daɗe bai ji muryarsa ba, ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa.