Alwalar Kwamishina

Kwamishinan ruwa ya zo ƙauyen Tsamiya buɗe famfon da bai taɓa ɗigar da ruwa ba. Da ya ji ana gunaguni, ya ce, "Duk wanda ya ce famfon nan babu ruwa, a kulle shi! A taro mini in yi alwala."

Sai Tabawa mai ƙosai ta tara buta a bakin famfon, ta dawo tana nishi kamar ta ɗauko nauyi.

"Ranka ya daɗe, riƙe da kyau kar ya zube."

Ya karkata butar, ya girgiza. "Ke! Ai babu ruwa!"

Tabawa ta rangaɗa guɗa. "'Yan sanda, kun ji da kunnenku, ba ni na faɗa ba! Ku kama shi a hankali, babban mutum ne!"