Tef ɗin Awon Malam Mamuda

Jatau, don girman Allah rage mana muryar rediyon nan. Tun azahar 'yan majalisa ke ta ihu a kan cin hanci da gyaran mulki, wannan ya ce "mai girma Kakaki", wancan ya ce "mai girma Kakaki", kunnena ya gaji. Shekara ashirin da shida na yi a zauren majalisar wata jiha ina rubuta irin wannan surutun kalma bayan kalma, har yatsana ya yi kanta. Ba zan faɗi sunan jihar ba, ina da jikoki a cikinta. Ka ajiye ɗinkin nan, ku kuma ku matso. Ga wata nan tafe gare ku, amma ba ta yara ba ce, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

Akwai wani mutum, Malam Mamuda, mai duba ayyukan gwamnati. Aikinsa ɗaya ne: in ɗan kwangila ya ce ya gama aiki, Mamuda ya je ya gani, ya auna, ya sa hannu, sannan a biya. Abokan aikinsa kuwa daga kan kujera suke aunawa, a ƙarƙashin fanka. Shi sai ya hau tsohon babur ɗinsa, da tef ɗin awo a rataye a wuya kamar naka ɗin nan, Jatau, sai dai nasa dogo ne, mai gidan fata, duk lambobin farkonsa sun goge. Yana da ciwon suga, yana da mata ɗaya, Delu.

Wata rana aka kawo masa takardar gadar Tungar Dorawa ya sa hannu. Sau biyu ana gina gadar nan a takarda kafin wannan. Ya je. Me ya tarar? Allon kwangila, da ginshiƙai biyu iya ƙugu, awaki na hutawa a kai. Wallahi sai da ya auna ginshiƙan nan. Ya dawo ya rubuta kalma huɗu a inda ake sa hannu: "Ban ga gada ba."

Da damina ta sauka, kwalekwale ya kife a wurin da mata goma sha ɗaya masu zuwa kasuwa. Gari ya ɗau zafi, manya suka shiga neman wanda za a ɗora wa. Sai ga sababbin takardu sun fito da sa hannun Mamuda, wai shi ya tabbatar an gama gada. Aka kama shi, aka hana beli. Kotu kullum sai a ɗage. A ciki ya yi tuntuɓe ya ji ɗan rauni a babban yatsan ƙafa, kun kuwa san mai suga da rauni. Delu tana da takardar gaskiyar, ta ɓoye ta a ƙasan kwalla. Hanya ɗaya ta rage mata: majalisa tana da ikon ta sa a fito da shi daga gidan yari, ya tsaya a zaure ya faɗi abin da ya gani. In ya fito, za a kai shi asibiti. In bai fito ba, ƙafar za ta ci shi.

To, ga mutum uku.

Na farko Honarabul Lawandi, wakilin mazaɓar da Tungar Dorawa ke ciki. Mutum ne mai baki, in ya miƙe magana alƙalamina har zafi yake yi. Ofis bakwai Delu ta shiga da takardar nan, shida suka ce maigida ya fita alhali tana jin tarinsa. Lawandi kaɗai ya karɓa. Ya ce, "Baiwar Allah, ki je gida, wannan magana ta zama tawa." Ya sa takardar a aljihun tebur. Wata bakwai tana nan. Sai da jam'iyya ta hana shi takarar zaɓe mai zuwa, ta ba ɗan'uwan Kakaki, sannan ya tuna da ita. Amma da ya tuna, ya tuna da gaske. Ya rubuta ƙudiri mai kai biyu: a kawo Mamuda zaure, kuma daga yau kada a biya kowace kwangila sai mutanen garin sun gani da idonsu sun shaida. Sau uku ana cire ƙudirin daga jerin ayyukan rana, sau uku yana mayar da shi. Aka rushe masa shaguna huɗu, wai sun shiga hanya. Aka aiko masa da likkafani a cikin leda. Bai janye ba. In ba don shi ba, da sunan Mamuda ko sau ɗaya ba a ambata a zauren nan ba.

Na biyu Saje Ilu, tsohon soja, mai ɗaukar sandar majalisa. Ku da ba ku taɓa shiga ba, ku sani: akwai wata sanda mai ruwan zinariya da ake ɗaukowa a gaban Kakaki a ɗora a kan tebur. In tana nan, abin da aka faɗa doka ne. In ba ta nan, ko 'yan majalisar su ashirin da huɗu sun yi rantsuwa, hira ce irin tamu ta nan. Ranar da aka gaji da cire ƙudirin, Kakaki ya kira Ilu ya ce sanda ta yi tafiya. Ilu ya sara masa, ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Ya kai ta ƙauyen surukansa ya tura cikin rumbun gero. Mako shida babu zama, ana ta sanarwa a rediyo wai ɓata-gari sun sace sanda. A mako shidan nan ne raunin Mamuda ya hau daga idon sawu ya nufi gwiwa.

Delu ta ji ƙishin-ƙishin. Ba ta yi masa ihu ba, ba ta zage shi ba. Kullum da hantsi sai ta zo ta shimfiɗa ɗankwali a ƙofar gidansa ta zauna, in ya fito ta ce, "Saje, ina kwana," shi ke nan. Kwana tara. Wasu sun ce wannan gaisuwar ce ta karya shi. Wasu kuma sun ce a makon ne ya gano an cire sunansa daga waɗanda za a ba fili. Ni ban shiga zuciyarsa ba. Abin da na gani da idona, ranar Alhamis da safe ya sauka daga acaɓa a ƙofar majalisa da naɗaɗɗiyar tabarma a kafaɗa, ƙaiƙayin gero na zuba daga ciki. 'Yan daba suka tare shi da gora. Suka karya masa hannun dama, suka fasa masa ido ɗaya. Da hannun hagu ya shiga zaure, jini na bin kakinsa, ya ɗora sandar a kan tebur a gaban 'yan jarida, ya ƙame ya sara. Kakaki ba shi da yadda zai yi, dole ya zauna. In ba don Ilu ba, da babu zama ranar.

Lawandi ya miƙe. Awa biyu yana magana, ana watsawa kai tsaye a rediyo. Ya ɗaga takardar nan mai kalma huɗu. Ya karanta sunayen matan goma sha ɗaya, kowace da sunan mijinta da yawan 'ya'yan da ta bari. Ni da ke rubutawa sai da hawaye ya ɓata mini shafi. Sauran kuwa, kai, abin kunya! Wani ya tashi ya ce a kafa kwamiti. Wani ya ce gwamnatin da ta wuce ta fi wannan sata. Wani ya ce ruwa dai ƙaddara ce, mutumin da ko wanka ba ya yi sai da ruwan da aka ɗumama masa.

Aka zo yanke hukunci. Yadda ake yi, Kakaki ya ce masu goyon baya su ce "e", masu ƙi su ce "a'a", shi kuma ya faɗi wanda kunnensa ya ji ya fi ƙarfi. Na rantse muku "e" ɗin nan sai da ta girgiza tagogi, don a cikin taro kowa jarumi ne. "A'a" kuwa ba su fi mutum biyar ba. Kakaki ya ɗaga gudumarsa ya ce, "Masu a'a sun yi rinjaye." Lawandi ya yi ta ihu a ƙirga, amma a ƙa'idar zauren ba ka da baki sai Kakaki ya gan ka, shi kuwa ya kafe idonsa a silin.

Nan ta uku ta shigo, Hajiya Ladidi, bulaliyar masu rinjaye, wato mai kaɗa 'yan jam'iyyar gwamnati su bi layi. Ita kaɗai ce mace a zauren. Kuma kada in ɓoye muku, ta ci a gadar nan. Motar da take shiga daga ciki ta fito, kowa ya sani. Ita ce ma ta bi ofis-ofis da safiyar ranar tana gaya wa mutanenta su ce a'a. An shirya cewa da an buga guduma za ta miƙe ta nemi a ɗage zama sai bayan zaɓe. Ta miƙe. Kakaki ya yi murmushi ya ce, "Na ga mai girma bulaliya."

Ta ce, "Mai girma Kakaki, ina neman a kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da na mazaɓarsa, ya faɗi inda yake. A fara da ni. Ni Ladidi na karɓi rabona a gadar Tungar Dorawa, kuma ranar da aka ba ni ban je ni kaɗai ba. Na ce e."

Tunda Kakaki ya riga ya gan ta, ba shi da ikon ƙin ƙirga. Aka shiga kiran suna, iyayensu da matansu da masu zaɓensu na saurare a gida. Mutumin da zai iya ɓuya a cikin ihu ba zai iya ɓuya a bayan sunansa ba. Goma sha uku suka ce e, goma suka ce a'a. Wasu sun ce sunayen matan nan ne suka taɓa ta, don ɗaya sunan mahaifiyarta gare ta. Wasu sun ce ta samu labarin bayan Mamuda ita za a miƙa, sai ta riga su. Ko ma mene ne, jam'iyya ta kore ta, aka ƙwace gidanta, ta yi shekara biyu a ɗaure bisa maganar da ta fito daga bakinta. Waɗanda suka raka ta karɓar rabon kuwa, ko kiransu ba a yi ba. In ba don ita ba, da guduma ta rufe maganar har abada.

Aka ba da umarni a kawo Malam Mamuda zaure ranar Talata.

Ranar Asabar Delu ta kai masa abinci, ta ba shi labari tun daga farko, ba ta rage komai ba, har wata bakwan, har mako shidan, har motar. Ƙafar ta yi baƙi zuwa gwiwa, sai an ɗago shi yake zama. Ya saurara, ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Delu, ni kam da wuya in ga Talata. Tef ɗina yana rataye a bayan ƙofa, shi kaɗai na mallaka da ban ji kunyarsa ba. Ki ba wanda ya yi don Allah a cikinsu. Mutum ɗaya fa. Kada ki yanka mini shi uku."

Ranar Lahadi da la'asar ya cika. Ranar Talata na zauna da alƙalamina, aka kira sunansa sau uku a zaure bisa ƙa'ida, na rubuta "bai halarta ba". Wannan ita ce magana mafi ɗaci da hannuna ya taɓa rubutawa, kuma ita ce ta sa na ajiye aiki.

Kada ka tambaye ni dokar, Jatau, raina zai ɓaci. An yi ta, tana nan a littafi. An kafa hukumar gani da ido, an saya mata motoci masu baƙin gilashi. Gadar kuma na ji an sa ta a kasafi karo na huɗu. Har yau da kwalekwale ake haye wurin.

Su ukun duk sun je gaisuwa. Lawandi ya je ba kujera ba shago, ya ce shi ya buɗe baki lokacin da kowa ya yi gum. Ilu ya je da ido ɗaya da shanyayyen hannu, ba aiki ba fansho, ya dai zauna a ƙofar gida kamar yadda Delu ta zauna a tasa. Ladidi ta je bayan an sako ta, a motar haya, ta durƙusa ta ce ba ta zo neman komai ba sai gafara. Delu ta dubi kowannensu, tana kuma lissafi a ranta. Da na farko bai kwantar da takarda wata bakwai ba, da rauni bai wuce yatsa ba. Da na biyu bai ɓoye sanda mako shida ba, da likita ya tsayar da abin a idon sawu. Da ta uku da irinta ba su cinye gadar ba, da mijinta yana nan yana shan kokonsa, da matan nan goma sha ɗaya sun dawo daga kasuwa. Amma kuma da ɗayansu ya janye a ranar, da Mamuda ya shiga kabari da sunan ɓarawo, 'ya'yansa su gaji wannan suna.

Tef ɗin yana nan a bayan ƙofa, ta kasa miƙa wa kowa. Ta tsufa, tana tsoron ta mutu da wasiyya a wuyanta. Watan jiya ta aiko a tambaye ni, wai ni na ga komai. Na ga komai ɗin, shi ya sa na kasa.

To, ku da kuka iya yanke wa 'yan majalisa hukunci daga kan benci, ga ta nan a gabanku. Lawandi da ya yi magana bayan wata bakwai, Ilu da ya dawo da sandar da shi ya ɓoye, ko Ladidi da ta tona cikin da ita ma ta cika: wa Delu za ta miƙa wa tef ɗin Malam Mamuda?