Ranar da Aka Kama Cediya da Satar Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam.

Wani gari ne na dabbobi, sunansa ya ɓace mini. Kowane lungu da itacensa, durumi ko tsamiya, ga wata tsohuwar cediya a bakin kasuwa.

To, Kurege yana son ƙosai. Bushiya mai ƙosai kuwa ba ta bayarwa sai an kawo itacen wuta. Sai ya tafi wajen Kunkuru, mai unguwa, ya rage murya.

"Ranka ya daɗe, jiya an yi ruwa?"

"An yi."

"Ina yake?"

Kunkuru ya duba gabas, ya duba yamma. Ƙasa fes, ba ko ɗigon ruwa.

"Akwai ɓarayi a garin nan," in ji Kurege. "Suna tsaye, ba sa magana."

Aka taru. Aka zuba tulun ruwa a kan falalen dutse, ruwa ya kwanta. Aka zuba a gindin cediya, ruwa ya ɓace.

"Kun gani?" in ji Kurege. "Ko kunya ba ta ji!"

Aka sare cediya, aka sare durumi, aka sare... me na ce ɗazu? Yauwa, tsamiya. Kurege ya yi ta jan itace, ya yi ta cin ƙosai.

Sai hadari ya haɗo. Ruwa ya sauko, ya nemi mai shansa, babu. Ya bi lungu, ya bi kasuwa, ya kashe wa Bushiya murhu, ya faɗa ramin Kurege. Sai ga goruba, aduwa da ɗinya sun fito daga ramin suna yawo a gari, duk abin da ya ɓace wa dabbobi tun bara.

Bushiya ta ce, "Kai, ɗan nema! Wannan ba gorubata ba ce?"

"Iya, taki ce. Iri na tanadar mana, ko da za a sake shuka."

Kunkuru ya juyo wajen Kurege, ya ce:

"Iri ne? Madalla. Binne shi duka, lungu-lungu. Wanda ka kai baki, da wutsiyarka za ka biya."

Shi ya sa har yau Kurege ke binne 'ya'yan itace, yana waige-waige, ya manta inda ya sa.

Kurunkus! In kun ga itace yana satar ruwa, ku ƙara masa tulu guda, ku yi shiru.