Jan Farcen da Auta Ta Sa wa Mama

Akwai wata mata mai wanki da guga a bayan layinmu, kowa Mama yake ce mata. Shekara ashirin da biyu hannunta na cikin ruwan sabulu, har yatsunta suka yi kaushi. Da wannan hannun ta raini 'ya'ya huɗu. Ƙaramarsu, Auta, ta koyi gyaran farce a shagon wata da ake kira Madam, a bakin titi.

Sai Auta ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa. Ana gobe za ta tafi, ta ja uwarta zuwa shagon.

"Mama, zauna. Yau ke ce kwastoma."

"Ni? Da wannan hannun kamar bayan kada? Ke dai ba ki da aikin yi."

"Miƙo dai."

Auta ta haɗa kala biyu da kanta, ja mai duhu da ɗan ruwan ƙasa. Irin jan farcen nan ne na jel, wanda ake busarwa a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, ya yi sati uku ko huɗu bai ɓare ba. Ta riƙa kama yatsun ɗaya bayan ɗaya tana shafawa a hankali. Rabon da wani ya riƙe hannun Mama haka tun rasuwar mijinta.

"Ki riƙa sa safar roba in za ki yi wanki. Ki shafa mai a gindin farcen safe da yamma. Kuma kada ki kuskura ki ɓare shi da haƙori, na san halinki."

Auta ta tafi. Inda take aiki ba a barin ma'aikata da waya, sai sau ɗaya a sati, shi ma minti kaɗan.

Mama ta riƙe umarnin nan kamar na likita. Matar da ba ta taɓa sanin safar hannu ba, sai ga ta tana wanki da ita, zufa na taruwa a ciki. Gwangwani ma da cokali take buɗewa. Ranar Lahadi a coci takan ɗora hannuwan a cinya ta yi ta kallo.

Maƙwabciyarta takan leƙo ta katanga. "Amarya, ina angon?"

"Bari in gama guge rigarsa tukun, uwar sa-ido."

A rana ta ashirin da shida, bakin jan farcen babban yatsanta ya ɗan ɗaga. Mama ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta nufi shagon. Abu ɗaya take so: a manne mata bakin nan kada ya ci gaba.

Ta tarar da Madam da waya a maƙale tsakanin kunne da kafaɗa. Doguwa, babbar ma'aikaciyar shagon kuma ƙawar Auta, tana can ciki tana wanke wa wata kai.

"Sannu da aiki, Madam. Ni ce uwar Auta. Bakin wannan ne ya ɗaga, shi ne nake so a..."

"Na gani, na gani. Zauna."

Ku lura, ba ta bari ta ƙarasa maganar ba. Ta jiƙa auduga da wani ruwa mai ƙarfin wari, ta ɗora a kan kowane farce, ta naɗe yatsun goma da takarda mai ƙyalli, tana ta hirarta. Mama ta ɗauka maganin ƙara ƙarfi ne. Har godiya ta yi.

Bayan minti goma sha biyar Madam ta kwance yatsa na farko, ta sa ƙarfe ta kankare. Jan ya zubo a kan tawul kamar ɓawon gyaɗa.

"Tsaya! Me kika yi?"

"Cirewa mana."

Mama ta fizge sauran takardun da kanta. Duka goman sun jiƙe sun yamutse.

"Auta ce fa ta sa mini," in ji ta.

Madam ta yi tsaki. "Haba Mama, fenti ne fa, ba zinariya ba. Ya tsufa. Zaɓi wata kala a sa miki. Ko da yake me zai yi miki, hannun da gobe zai koma cikin bokiti?"

Mama ta ciro hankicinta ta shimfiɗa, ta fara tsince ɓarɓashin jan daga kan tawul ɗaya bayan ɗaya.

Doguwa ta fito da kumfa a hannu. Ta dubi tawul, ta dubi Mama, ta gane. Ta buɗe durowar da Auta ke amfani da ita, ta ɗauko zoben faratan roba da ake gwada kala a kansu, ta zare guda ɗaya.

"Mama, riƙe wannan. A kansa ta fara gwada haɗin kafin ta sa miki. Hannunta ne."

"Kayan shago ne wannan!" in ji Madam.

Doguwa ta kwance rigar aikinta ta ninke, ta ajiye a kan tebur. "Ga kayan shago nan." Ta ja Mama suka fita.

Mata biyu da ke zaman jira suka miƙe suka bi bayansu. Yanzu Doguwa na aiki a ƙofar gidansu da tebur ɗaya da fitila ɗaya, kuma kwastomomin Madam da dama can suka koma.

Doguwa ta ce za ta haɗa wa Mama kalar nan sak. Mama ta girgiza kai. "Na san za ki iya, 'yata. Ba kalar nake kewa ba."

Da Auta ta kira a satin, tambayarta ta farko ita ce, "Mama, jan farcen yana nan kuwa?"

Mama ta matse farcen robar a tafin hannunta. "Yana nan. Ke dai ki riƙa cin abinci."

Yau kwana arba'in da ɗaya ke nan da faruwar abin, Madam ba ta taka ƙofar Mama ba. Sau biyu ina zuwa shagon da ƙafata. Na farko ta ce tana da aiki. Na biyu ta ce, "Malama, a kan fenti?" Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa barin ɗalibi ya yaga littafin wani ya zauna bai ba da haƙuri ba, kuma ba zan fara da babba ba. Abin da ya zuba ba zai koma kan farce ba, wannan kowa ya sani. Amma ya kamata ta je har gida, ta zauna, ta saurari maganar da ta katse har ƙarshenta, sannan ta ce, "Mama, na yi laifi." Wannan kawai ake nema.

Darasi: Idan mutum ya miƙo maka hannunsa, bari ya ƙarasa maganarsa kafin ka taɓa shi. Abin da kake gani fenti, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani daga wanda yake kewa. Ku tura wa duk mai sana'ar da ake zama a gabansa, ku yi ta turawa har ya isa wayar Madam.