Layi Ɗaya Da Injiniya Ya Ƙi Rubutawa

Akwai wani matashi a wani ƙaramin kamfanin manhaja, kowa Injiniya yake ce masa. Ya iya aiki, wannan babu gardama. Amma ka ce masa ga kuskure, to ka tsokano tsuliyar dodo.

Shi ya ƙera wata manhaja ta neman 'yan gem, wato masu wasan kwamfuta. Ka ba ta sunan da mutum yake wasa da shi, ta kawo hotonsa, makinsa, da shagon gem ɗin da ya yi rajista. Mutane ba sa taɓa ta kai tsaye. Mataimakin nan na waya, AI, shi ke amfani da ita idan an tambaye shi, kuma bai san komai a kanta ba sai abin da aka rubuta a bayaninta.

Duba wannan bayanin aikin wata dattijuwa ne a ofis ɗin, ana ce mata Anti Jan Biro, don takarda ba ta wuce teburinta ba tare da ta sha ja ba.

Ta same shi a kujerarsa ta ce, "Injiniya, maki biyu cikin biyar na ba bayanin nan. Ka rubuta, 'Ba ta suna, ta ba ka ɗan wasa.' Shi ke nan. Na gwada ta da sunan da babu shi, sai ta kawo min mai kama da shi, ba ta ce min ba shi ba ne. AI ba boka ba ne, abin da ka rubuta zai gaskata. Ƙara layi ɗaya, in suna bai zo daidai ba a faɗa wa mai tambaya. Sunan shagon nan kuma a cire shi."

Injiniya ya fizge takardar, ya dunƙule, ya wurga mata a fuska har tabaranta ya faɗi. Ya shuri kujera ta bugi bango.

"Ke da ba ki taɓa ƙera komai ba, ni za ki ba biyu?"

Ta sunkuya ta ɗauki tabaranta. Manaja yana sauri, ya goyi bayan Injiniya, aka saki manhajar haka.

Injiniya yana da yaya, tela ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Hutun Yaya ɗaya a duniya, ranar Asabar da la'asar ya je shagon gem na bakin layinsu ya buga ƙwallo. Sunansa a gem Damisa_9.

Wata Asabar, bayan sati uku, Injiniya ya biyo layin ya tarar da taro a ƙofar shagon. Ya kutsa, sai ya ga wasu ƙarti uku sun ja Yaya a ƙasa. Babbansu, wani mai walda, yana riƙe da rodi. Ya ɗaga ya sauke a hannun Yaya na dama. Ƙarar ƙashin har tsallaken titi an ji.

"Ni za ka zagar wa uwa a gaban mutane?" in ji mai waldan, ya ƙara masa.

Yaya yana cewa, "Wallahi ban san ka ba," jini yana bin kunnensa.

Injiniya ya yi kukan kura ya faɗa musu. Naushi ɗaya ya zubar masa da haƙora biyu. Suka kayar da shi, ɗaya ya taka masa wuya da takalmi.

"Ba shi ba ne," ya ce da ƙyar. "Bai taɓa zagin kowa ba."

Mai waldan ya dangwara masa waya a fuska. "Karanta. Damisa9 ya zage ni ya goge kansa daga gem. Na tambayi AI, ga abin da ya ce."

Injiniya ya duba ta cikin jini. Hoton Yaya, maki, sunan shago, a jere yadda shi da kansa ya tsara su. A sama AI ya rubuta: "Ga ɗan wasan da kake nema." Bambancin sunayen biyu ɗan layin ƙasa ne kawai.

Mai shago da maƙwabta suka fito da sanduna, ƙartin suka arce. Daga baya 'yan sanda suka kama su, amma aikin gama ya gama.

A asibiti likita ya ce hannun ya karye wuri uku, ba lallai yatsun su sake riƙe almakashi ba. Matar Yaya ta zauna a ƙasa tana kuka. Injiniya ya fita baranda, bakinsa a kumbure, ya kira manaja aka rufe manhajar. Sannan ya kira Anti Jan Biro.

Ta ce, "Na ji abin da ya faru. Kula da ɗan'uwanka tukuna, gyara yana jiranmu."

Da ya koma ɗaki, Yaya ya buɗe ido ya dube shi.

"Ƙanina, abin da nake ta tunani, wa ya nuna musu ni?"

Injiniya ya durƙusa a gefen gadon, ya kifa goshinsa a kan ƙarfen.

"Ni ne, Yaya."

Darasi: Wanda ya gyara maka aiki ba maƙiyinka ba ne. Abin da ka raina ka ƙi bayyanawa yau, wani ne zai ɗauki raɗaɗinsa gobe, kuma ba ka san ko naka ba ne. Ka tura wa duk wanda ka san ba ya son gyara, ko Allah zai sa ya ji.