Ƙofar Tsibirin Pembezi

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun iska ce kaɗai ke tura jirage a teku, an yi wani sarki mai zafin rai a ƙasar Tsaunin Baure, sunansa Marwanu. A fadarsa akwai wata ƙatuwar ƙofar katako mai sassaƙen furanni da kifaye da ƙusoshin tagulla, wadda mahaifinsa ya kwaso ganima daga wani tsibiri. Tun ranar da Marwanu ya hau gado ƙofar nan take zubar da ruwan gishiri, har rijiyoyin birni suka lalace, gonaki suka ƙone.

Ya sa a sare ta, gatura suka karye. Ya sa a cinna mata wuta, wutar ta mutu. Sai aljanin da ke cikinta, mai suna Rukumba, ya yi magana cikin fushi, ya ce shekara ashirin ke nan yana kurkuku nesa da ƙamshin teku, kuma ƙasar ba za ta ƙara ɗanɗana ruwan daɗi ba sai sarki da kansa ya mayar da shi Pembezi, tsibirin da aka kwaso ƙofar.

Marwanu ya tashi yana huci, ya sa aka ɗauki ƙofar aka kama hanya. Wata uku aka yi a kan raƙuma, kwana arba'in a jirgi mai filafilai, kafin su hango Pembezi, tsohon garin Sawahilawa mai benaye na dutsen murjani, inda ƙamshin kanumfari da soyayyen kifi ke tarbar baƙo tun daga bakin gaɓa. Babu wanda ya tarbe shi. Masunta suka ci gaba da ɗinkin komarsu, mata suka ja mayafi suka shige gida.

Sarauniyar garin, Mwana Shamsa, ta same shi a gaɓa, ko gahawa ba ta sa an kawo masa ba. Ta ce, "Ya kai sarkin tudu, a bakin ƙofar nan ubanka ya kashe ubana, ina tsaye ina kallo. Ba jaki, ba bawa. A bayanka za ka ɗauke ta har inda aka cire ta."

Hannunsa ya kai ga takobi, amma ya tuna mutanensa da ke shan ruwan gishiri, ya cire rawani ya sunkuya. Da tsakar rana ya shiga lungunan garin masu matsi, katakon yana goge masa fata, tsofaffi suna leƙowa ta tagogi suna kiran sunayen waɗanda aka kashe musu. Sau uku yana faɗuwa, ba wanda ya kama masa.

Da aka kafa ƙofar a fada, Rukumba ya fito kamar guguwa, teku ta tashi, jirage suka riƙa karo da juna. Ya ce sai an ba shi jinin Marwanu. Mwana Shamsa ta tsaya tsakaninsu, ta ce wa aljanin, "Na fi ka tsanar gidansu, amma jini ɗaya ya ishi ƙofar nan. Saboda jinin farko na rantse ba zan yi aure ba sai ta dawo, har furfura ta fito mini. Ba za ka ƙara mini wata shekara ashirin ba."

Aljani ya koma cikin katakonsa, teku ta kwanta, kuma a ranar rijiyoyin Tsaunin Baure suka dawo da daɗinsu.

Bayan kwana bakwai sarauniya ta auri Nahoda Shebe, shugaban matuƙa jiragen garin, wanda ya jira ta tun yana saurayi. Ba ta ce ta yafe wa Marwanu ba. Ta dai sa aka zaunar da shi cikin shaidu, da bayansa a ɗaure da magani, aka ajiye masa shinkafa da kwakwa kamar kowa.