Liyatu da Tafintan da Ya Fassara Amin

A garin Tudun Ɗorawa an yi wata mata mai ɗinki, sunanta Liyatu, wadda tun tana budurwa take cikin mawaƙan coci. Mace ce mai fara'a da saurin baki, in ta shiga wuri sai kowa ya san ta shigo.

Shekara talatin da ɗaya cocin garin yana hannun Rabaran Yunana, kuma a duk shekarun nan mutum ɗaya ne ke jan sujada ranar Lahadi, wato Dattijo Filibus, wanda sanarwarsa kaɗai takan ci rabin awa. Da Rabaran ya tsufa ya yi ritaya, aka turo sabon fasto, matashi. Bai cika wata uku ba ya zauna da dattawa aka sake tsari. Sujada ta koma ƙarfe takwas maimakon goma, kada kuma ta wuce awa biyu. Jan sujada ya zama karɓa-karɓa, har da mata a ciki. Dattawa biyar suka yarda, huɗu suka ƙi, Filibus ne babbansu. Aka tashi a kan za a gwada mace ɗaya a gani, in abin bai yi kyau ba a koma yadda aka saba.

Sunan Liyatu aka kira. Tun daga ranar ƙafarta ba ta ƙara taɓa ƙasa ba. Ta ɗinka wa wata mata hannun riga a wuya, ta zuba sukari a miyar kuka, mijinta ya ci haka nan don ya ga ba a hayyacinta take ba. Tana taka keke tana waƙa, tana shara tana gwada yadda za ta ce wa jama'a su miƙe tsaye. Ta sayi littafin rubutu ta cika shi fal da abin da za ta yi ranar.

Ranar Juma'a da la'asar ta ɗauki littafin ta nufi gidan ƙanwar mahaifinta, Goggo Damaris, tsohuwar da ta riƙe ƙungiyar zumuntar mata ta coci shekaru da yawa kafin gwiwa ta zaunar da ita. Ta same ta a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Ko gaisuwa ba ta gama ba ta buɗe littafi ta hau karatu, tana yi tana dariya. Waƙa goma sha ɗaya ta tsara. Za ta ba da tarihin matan cocin tun daga kafuwarsa. Za ta karanta ayoyi a kan Debora da Esta, tana yi tana duban kujerar dattawa. Daga nan ta kira Dattijo Filibus, a gaban kowa, ya fito ya yi addu'ar godiya don Ubangiji ya buɗe wa mata baki.

Goggo ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga cinyarta. Ta share ido da bakin zane ta ce, "'Yar nan, yau kin tuna mini da mai gidan nan, ranar da ya fassara Amin."

Mai gidan da take nufi shi ne mijinta, marigayi Malam Irmiya, wanda ba ta kiran sunansa. Liyatu ta rufe littafi ta gyara zama ta ce, "Yaya aka yi, Goggo?"

Goggo ta ce:

Malam malamin firamare ne, yana jin Turanci kamar a bakinsa aka haife shi. Amma cocinmu yana da tafinta, wani tsoho Dogara, wanda in baƙo ya zo shi kaɗai ke tsayawa kusa da shi. Shekara bakwai Malam yana zaune a benci yana cizon yatsa, yana gyara wa Dogara fassara a cikin kunnena. Sai wata shekara aka gayyato mai wa'azi daga kudu, Fasto Okon, a makon kuma mura ta shaƙe muryar Dogara. Dattawa suka aiko wa Malam.

Ai ban taɓa ganin namiji ya yi murna haka ba. Ya sa na goge masa kwat ɗin aurenmu, ga zafin bazara. Ya yi aski sau biyu. Ranar Lahadi ya riga mai buga ƙararrawa isa coci.

Baƙo ya hau mumbari, Malam ya tsaya gefensa yana sheƙi. Da farko abin ya tafi daidai. Sai baƙo ya ce mu ƙaunaci maƙwabtanmu. Malam ya juya wannan da Hausa, ya ga idon jama'a duk a kansa, daɗi ya kwashe shi, sai ya ƙara da cewa, "Musamman masu sakin awaki cikin gonar mutane. Akwai wani a benci na uku, ya san kansa." Kowa ya waiwaya ya dubi Habila, maƙwabcinmu, wanda awakinsa suka cinye mana wake. Coci ya kwashe da dariya.

Dariyar nan ita ta ƙarasa Malam. Baƙo ya faɗi kalma biyar, shi ya faɗi hamsin. Ya taɓo masu barci a sujada, ya taɓo mawaƙan da ba sa zuwa koyon waƙa, ya taɓo wani dattijo da ke zuwa kasuwa ranar Lahadi. Da baƙo ya gama ya ce Amin, Malam ya ɗaga hannu ya fassara Amin ɗin nan har sai da jarirai suka soma kuka.

Da aka tashi, Habila ya tattara iyalinsa suka fita ba su gaisa da kowa ba. Na ji dattawa a bakin ƙofa suna cewa wannan baƙo ba shi da ladabi, daga zuwansa ya bi gari yana tattara gulma, ba za a sake gayyatarsa ba.

A gidanmu aka sauke shi cin abinci. Na kai tuwo, suka wanke hannu, Malam yana ta murmushi yana jiran yabo. Ya kai loma baki ke nan, baƙo ya dube shi ya ce da Hausa tsantsa, "Sannu da aiki, Malam."

Lomar ta tsaya wa Malam a wuya, sai da na kawo ruwa. Ashe mutumin nan a Sabon Gari ya tashi, kunyar karin harshensa ce kawai ta sa ya nemi tafinta. Bai yi faɗa ba. Ya ce aikin Malam ya tuna masa da Gajere mai kai zuma. Malam, murya ƙasa-ƙasa, ya tambaye shi wane ne Gajere.

Fasto Okon ya ce:

Wani manomi ne ya ɗebi zuma mai kyau daga amyarsa, ya zuba rabin ƙwarya, ya ba amininsa Gajere ya ce ya kai masa gidan surukansa a wani ƙauye. Gajere bai taɓa zuwa aiken girma irin wannan ba, sai ya sa babbar riga ya kama hanya yana fito. Da ya iso rafi ya buɗe ƙwarya ya leƙa, ya ce a ransa, ina ni ina shiga gidan mutane da rabin ƙwarya? Ya ɗan tarfa ruwa ya juya da tsinke, ya ɗanɗana, ya ji da zaƙinta. Ya ƙara gaba ya sami rijiya, ya ga har yanzu ƙwarya ba ta cika ba, ya ƙara. Kafin ya isa ƙauyen sai da ya roƙi tulu a hanya, don ƙwarya ta kasa ɗauka. Ya shiga gidan surukai da tulu a ka, yana haki, yana jin babu ɗan aike kamarsa. Aka taru, uban gida ya sa ludayi ya kurɓa, ya miƙa wa na kusa da shi, ludayi ya zaga kowa. Aka yi wa Gajere godiya, aka ba shi fura, aka raka shi har bakin gari.

Fasto Okon ya ce, "Da ya tafi, Malam, babu wanda ya zagi Gajere. Ko sunansa ba su riƙe ba. Cewa suka yi surukinsu ya raina su, ya aiko musu da ruwan wankin ƙwarya."

Goggo ta ce Malam bai ƙarasa tuwon ba. Ya tuɓe kwat, ya bi gidajen dattawa ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu cewa maganar awaki da ta kasuwa duk daga cikinsa suka fito, baƙo bai san komai ba. Dattawa suka janye maganarsu a kan baƙon, shi kuma ya yi shekara uku ba a sake ba shi fassara ba. Habila kuwa sai da damina biyu ta wuce kafin ya sake taka cocin.

Goggo ta tattara gyaɗar da ta zube ta ce, "Ke ma aike aka ba ki, Liyatu. In kin tsaya ranar Lahadi kin yi awa huɗu, kin kunyata Filibus a gaban 'ya'yansa, babu mai cewa Liyatu ta cika surutu. Cewa za a yi an ba mata sun ɓata. Yaron nan fasto zai sunkuyar da kai, 'yan matan da ke bayanki kuma su jira wata shekara talatin."

Liyatu ta dubi littafin da ke hannunta. Ta tuna matan zumunta da suka yi ta zuwa shagonta duk makon nan, wata ta kawo mata ƙwai, wata ta ce 'yarta ta soma koyon karatun Zabura da ƙarfi. Sai kuma ta hango kanta a tsakiyar coci da tulu a ka tana haki, dariya ta ƙwace mata har ta kwanta a tabarma.

Da ta tashi ta zaro biro daga ɗankwalinta ta hau sokewa. Ta bar waƙa uku. Ta soke Debora da Esta, tana cewa su yi haƙuri, ranarsu na zuwa. Wurin Filibus ta tsaya ta ɗan yi tunani, ta ce gobe za ta je gidansa ta durƙusa ta roƙe shi ya yi addu'ar rufewa, in ya ƙi kuma babu mai ji.

Ta ce, "Na ji, Goggo, na kuma ɗauka. Abin da aka ba ni shi zan kai. Tarihin matan ma ga shi zan soke, har da shafi biyun da na rubuta a kanki."

Goggo ta ajiye gyaɗa. "Shafi biyu? A kaina?"

"Yadda kika tara mata kuka ɗebo ruwan ginin coci, da yadda muryarki ke kaiwa har bakin kasuwa."

Goggo ta kama hannun da ke riƙe da biro, ta jawo kujerarta kusa, ta gyara ɗaurin ɗankwali. Ta ce, "Sokewa kam za ki soke. Amma karanta mini tukuna, a hankali, kada ki tsallake komai."